Ina Bas-bas Ɗin Cikin Garin Katsina Suka Shige?

Tambaya: Malam wai me yasa yanzu ba ka ganin bas na yawo cikin Katsina sai napep ko ina? Daga mai karatu, Ƙofar Marusa.

Amsa: To ɗan uwa, garin ne ya canza. Tunda Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 unguwanni suka fallo bayan ganuwa, ga jami'ar Umaru Musa can hanyar Dutsinma, shi kuwa bas titi ɗaya yake bi kuma sai ya cika kwandasta zai buga ƙofa a tashi, waye zai zauna jira alhali ɗan acaɓa zai kai shi har ƙofar gida? Napep ya zo ya ƙarasa kwashe fasinjan. Motocin KTSTA, wato hukumar sufuri ta jihar Katsina, kam suna nan, amma sun fi ƙarfi a tafiyar gari zuwa gari, irin su Kano da Kaduna.