Amsar tambayar Alhaji kan a-kori-kura mai dizal: tsohon inji ko mai kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari tambayarka tun jiya, inda ka ce kana neman a-kori-kura mai shan dizal domin ɗaukar kaya da doguwar tafiya, amma ka rasa wadda za ka kama tsakanin mai tsohon inji na famfo da sabuwa mai kwamfuta, sannan ka haɗa da batun giya, ta hannu ko otomatik. Na ji wasu 'yan'uwa sun ce tsohuwa ta fi ta kowace fuska. Ni dai ban karɓi wannan hukunci ɗungurungum ba, domin abin da ya tabbata a kan inji bai tabbata a kan giyabos ba, kuma gara a raba su.

A tsohon inji, famfon mai shi ne komai. Inji ne ke juya shi, shi ke auna man da kowane silinda zai samu, shi ke zaɓar lokacin da zai tura shi, nozul kuma, wato bakin da ke fesa man cikin silinda, ba ta buɗewa sai matsin man ya rinjayi sifirin da ke cikinta. Idan injin ya tashi, wutar da yake bukata ba ta wuce ta waya ɗaya da ke riƙe bawul ɗin kashe mai a buɗe ba. Injin Toyota 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, wanda ya fito a 1990 aka sa shi a Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, irin wannan ne. Haka ma injin Cummins mai lita 5.9 da bawul 12 da Dodge Ram ta fara ɗauka a Amurka a 1989, musamman na 1994 zuwa 1998 mai famfon Bosch P7100, wanda har yau ake rububinsa.

Duk wanda mai ya taɓa ƙare masa a irin wannan mota ya san sauƙinta. Za ka zuba mai, ka danna ɗan famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri, ka sassauta notin bututun da ke shiga nozul, wani ya yi maka kik. Da farko kumfa ce za ta riƙa tsartuwa, daga baya mai zalla ya biyo, ka ɗaure notin, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Sifana ɗaya ta gama aikin, a bakin hanya, ba tare da an kira kowa ba. Idan man yana da ɗan datti ko ɗan ruwa, injin zai yi hayaƙi, ya rage ƙarfi, amma yawanci zai kai ka gida, kuma ciwonsa kan nuna alama makonni kafin ya kwantar da mota.

Sai dai wannan haƙurin ba kyauta ba ne. 1HZ da duk girmansa ƙarfin doki 130 ne ko ƙasa da haka kaɗan, alhali injin Hilux 1GD mai lita 2.8 kacal ya fito a 2015 da ƙarfin doki 177, aka ƙara shi zuwa 204 a 2020, ga ƙarancin shan mai, ga rashin ƙara. Wanda ya taɓa bin tsohuwar mota mai lodi a hawan tudu, tana rarrafe a giya ta biyu tana bulbulo baƙin hayaƙi, ya ga bambancin da idonsa.

Sirrin sabon inji shi ne tsarin da ake tara mai a bututu guda ɗaya ƙarƙashin matsi mai tsanani, daga 1,600 zuwa sama da 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kwamfuta kuma, wadda makanikai ke kira biren bos, ta riƙa buɗe kowace injekta, wato mai fesa man cikin silinda, da wutar lantarki. A bugu ɗaya na fistin tana iya fesa mai sau da yawa: ɗan kaɗan da farko don ya tausasa tashin wutar, sannan babban kason ya biyo. Wannan ne ya sa injin ya daina ƙwanƙwasar da muka saba ji a dizal. Tsarin ya shiga ƙananan motoci a 1997, Toyota ta sa shi a injin 1KD da 2KD a farkon shekarun 2000, Cummins na Dodge kuma ya koma kansa a 2003.

To a nan ne, Alhaji, nake so ka tsaya ka yi tunani, domin matsin da ya ba injin ƙarfi shi ne kuma rauninsa. Ratar da ke tsakanin ƙarafan famfo da injekta ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma man dizal ɗin kansa ne ke yi musu aikin baƙin mai. Ruwa kaɗan ko man da aka gauraya da kananzir ya isa ya sa ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Na taɓa kwance filtar wata mota da ta mutu tana cikin tafiya, na juye man a farin faranti na kai shi rana, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ƙasa. Famfon ne ya niƙe kansa, garin ya bi bututu ya shiga injekta huɗu, ya dawo tanki. Ba a gyara irin wannan da sauya abu ɗaya, sai an sauya famfo da injektocin an wanke tanki da duk hanyar mai, in ba haka ba sabon famfon ma zai bi sahun na farko.

Bayan haka akwai kayan rage hayaƙi, waɗanda dokokin Amurka da Turai suka tilasta. Amurka ta sauke sinadarin salfa a dizal zuwa kashi 15 cikin miliyan daga 2006, Turai zuwa 10 a 2009, kuma a kan irin wannan man aka ƙera matatar kunkunniya da ke cikin salansa. Matatar tana tara kunkunniya, sannan ta ƙone ta da zafin da ya kai kusan digiri 600, abin da ke bukatar tafiya mai ɗan nisa ba tare da tsaye-tsaye ba. Motar da kullum gajeren zango take yi, ko wadda ake ba mai mai yawan salfa, matatarta za ta toshe, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi da gangan. Sababbin kuma suna da tanki na biyu na AdBlue, ruwan da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi, wanda idan ya ƙare wasu ba za su sake tashi ba bayan an kashe su. Saboda haka kafin ka tambayi wane inji ya fi, ka tambayi kanka irin man da za ka riƙa samu a hanyoyinka, da ko akwai makaniki mai na'urar karanta kwamfuta wanda ya san fassarar abin da ta nuna, ba mai sauya sensa ɗaya bayan ɗaya yana lalube ba.

Akwai kuma 'yan tsakiya, masu famfo irin na da amma kwamfuta na juya shi, kamar Cummins mai bawul 24 da famfon VP44 daga tsakiyar 1998 zuwa 2002. Famfon nan da man da ke ratsa shi yake sanyaya, don haka idan ƙaramin famfon da ke ɗebo mai daga tanki ya raunana, babban ne ke ƙonewa. Ni ba na sa su a sahun tsofaffi masu haƙuri.

Batun giya kuwa, labarin ya juya. Tsohuwar otomatik mai giya huɗu, irin 47RH da 47RE na Dodge, asalinta daga giyabos ɗin motocin fetur ne, kuma ƙarfin jan dizal ya yi mata yawa. Shaida ita ce, daga 1996 zuwa 1998 injin da aka haɗa da giyar hannu ƙarfin doki 215 aka ba shi, na otomatik kuwa aka tsayar da shi a 180. Giya huɗu na nufin rata mai faɗi tsakanin giya da giya, giyabos ɗin ya yi ta zamewa a kan man da ke cikinsa, man ya yi zafi, zafi kuma shi ke kashe otomatik. Tun da otomatik ɗin Allison 1000 ta zo a motocin Chevrolet da GMC a 2001 abin ya sauya: kwamfutar giya tana magana da ta inji, ana rage ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido lokacin sauya giya, giyar tana kulle kanta da wuri don ta daina zamewa, tana kuma riƙe mota a gangare don birki ya huta. Hilux ta samu mai giya shida a 2015, Ford da GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet da GMC, sun kai goma a manyan motocinsu a 2020, Ram kuma ta daina ba da giyar hannu da Cummins bayan 2018.

Don haka idan tsohon inji ka zaɓa, ka nemi mai giyar hannu, wadda abin da ke cinyewa a cikinta kuloci ne, kuma kowane makaniki ya iya sauya shi. Idan otomatik kake so saboda gwiwa ko cunkoso, ka koma sabuwa, ka riƙe sauya man giya da irin wanda kamfani ya rubuta, ka ƙara filtar raba ruwa da mai kafin ta asali.

Sannan kada ka manta cewa motar 1996 yau ta kusa ko ta cika shekara talatin. Injin yana iya zama garau, amma shasi da lagireto da wayoyi da robobi sun tsufa. Ranar da za ka je dubawa, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake, sannan a yi kik kana tsaye a bayan salansa. Farin hayaƙin da ya wuce minti ɗaya ko biyu bai ɗauke ba, ko hucin da ke ɗaga murfin baƙin mai idan ka kwance shi ka ɗora a bakin ramin, alama ce ta inji ya gaji. Idan sabuwa ce, ka tafi da mai na'ura ya karanta maka gyaran da kwamfuta ke yi wa kowace injekta da yawan abin da matatar salansa ta tara. Ka turo mana lambar injin da shekarar motocin biyu da kake dubawa, in sha Allahu zan faɗa maka wane famfo da wane giyabos ke cikin kowacce. Wassalamu alaikum.