Me ya haɗa maganin ciwon gaɓoɓi da korona?

Ɗan'uwa daga Argungu, ka tambaya me ya sa ake ba mai korona baricitinib alhali maganin ciwon gaɓoɓi ne.

Idan cutar ta yi tsanani, ba ƙwayar cutar kaɗai ke ɓarna ba. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo da sinadarai irin su IL-6. Saƙon na sauka a bangon ƙwayar halitta, sinadarin JAK ya karɓa ya miƙa wa wani sinadarin mai suna STAT, shi kuma ya kai cibiyar ƙwayar halittar a ƙara kumburi. In abin ya wuce kima, huhu ya cika da ruwa, numfashi ya gagara. Baricitinib yana toshe JAK ne don rage kumburi, kamar yadda yake yi a ciwon gaɓoɓi, wani maganin mai suna tocilizumab kuwa yana tare inda IL-6 ke sauka. A Janairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da baricitinib ga masu tsananin ciwo, a haɗa da magungunan rage kumburi irin su dexamethasone.

Abin da ke damuna shi ne masu sayen dexamethasone a kemis saboda tari. Ga mai ciwo mara tsanani ba ya da amfani, sai ma ya raunana garkuwa, ya tayar da suga. Da zarar numfashi ya fara sarƙewa, ku garzaya Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi a auna iskar jini.