Tambaya da Amsa: Manhajata tana tsayawa cak, ta ina zan fara bin sawunta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ATBU, na rubuta wata 'yar manhaja da Python ta lissafin kaya wa shagon yayana a Wunti, a kan Ubuntu take, wato wani nau'in Linux. Wani lokaci sai ta tsaya cak kamar ta mutu, can kuma ta dawo, ba ta nuna komai. Abokina ya ce in bi sawunta har cikin kanel, to ta ina zan fara? Daga wani mai karatu, Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba amma dan Allah kar ka faɗa cikin kanel, wato zuciyar Linux da ke tsakanin manhajoji da na'urar kanta, tukuna, ka tsaya a bakin ƙofa. Manhaja ba ta taɓa diski ko intanet da kanta, komai sai ta roƙi kanel, buɗe min fayil, karanto min, haɗa ni da netwok, to waɗannan roƙe-roƙen, da ake ce wa kowanne kira, su wata manhaja mai suna strace ke nuna maka ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuta strace -f -T -o sawu.txt python3 sai sunan fayil ɗinka, ka jira ta tsaya, sannan ka buɗe sawu.txt. Wancan -T ɗin shi ne mai aikin, yana saka sakan nawa kowane kira ya ci a ƙarshen layi, kai dai nemo mai babbar lamba kawai. In ka ga connect ko poll ne, to mai yiwuwa netwok take jira, kuma ka san halin netwok ɗinmu. In fsync ko fdatasync ne kuma SQLite kake amfani da shi wajen adana bayanai, diski ne ke jan ƙafa. Amma fa strace na tsayar da manhaja a kowane kira, yana sa ta nauyi sosai, kar ka kunna shi lokacin da kwastomomi suka yi layi.

In strace ya nuna maka inda aka makale amma bai faɗi dalili ba, yanzu ne za ka shiga cikin kanel da manhajojin bin sawunsa. Akwai ftrace na Steven Rostedt, yana cikin Linux tun 2008, za ka same shi a /sys/kernel/tracing. Ni dai na fi son LTTng da Mathieu Desnoyers ya fara, saboda yana haɗa abin da kanel ke yi da abin da manhajarka ke yi a jeri ɗaya na lokaci, kuma ba ya nauyi. Da sudo, wato izinin mai gudanar da kwamfuta, za ka yi lttng create, sai lttng enable-event --kernel sched_switch, wanda ke nuna lokacin da kanel ya sauya aikin da ke gudana, sai lttng start, lttng stop, lttng view. Wallahi kar ka ce a ɗauko komai da komai, nan da nan zai cika maka diski da abin da ba za ka iya karantawa ba. 

In ka samu layukan masu babbar lamba ka turo mana mu duba tare, amma ka goge sunayen kwastomomi da lambobinsu tukuna, don strace yana kwaso har wani ɓangare na abin da manhaja ke rubutawa.