Amsa ga maniyyacin da bai samu tafiya ba bana

Malam, ka tambayi yadda za ka kwantar da hankalinka bayan ka biya kuɗin kujera amma tafiya Hajji ba ta yiwu ba. Ka tuna cewa a 2020 da 2021 annobar korona ta hana maniyyatan ƙasashen waje shiga Saudiyya, kuma da aka buɗe a 2022, waɗanda suka haura shekara 65 sai da suka ƙara haƙuri. A ganina, kada ɓacin rai ya sa ka janye kuɗinka da gaggawa. Ka je hukumar alhazai ta jiharku da rasidinka a hannu, ka ji ko za a ajiye maka su zuwa baɗi da kuma cikon da za a nema, sannan ka duba wa'adin fasfonka.