Fitsarin 'yata yana komawa ƙoda, ko ƙodar za ta lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 2 ta yi ta fama da zazzaɓi mai zafi, kuma duk gwajin da aka yi sai a ga ƙwayoyin cuta a fitsarinta. Da aka yi mata hoto, aka ce fitsarin yana komawa sama zuwa ƙodar hagu, mataki na 3. Tun da na ji cewa wannan yana kai yara ga wankin ƙoda, barci ya ƙaurace mini. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba ta lafiya, kuma ki kwantar da hankalinki, don yawancin yaran da ke da wannan matsala ba sa kaiwa ga wankin ƙoda.

Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda yana ratsa bangon mafitsara ne a karkace. Idan mafitsara ta cika ko ta matse, sai bangon ya danne bakin bututun ya rufe. A wasu yara wannan sashen gajere ne tun haihuwa, shi ya sa fitsari ke samun hanyar komawa. Matakan biyar ne, kuma na 1 zuwa na 3 galibi suna gyaruwa da kansu yayin da yaro ke girma.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ƙwayoyin cutar da fitsarin ke hawa da su. Duk lokacin da suka kai ƙoda aka yi jinkirin magani, suna iya barin tabo, tabon ƙoda kuwa ba ya gogewa. Idan ya yi yawa, musamman a ƙoda biyu, shi ke jawo hawan jini da raunin ƙoda shekaru bayan haka. Saboda haka, da zarar zafin jikinta ya kai digiri 38, kada ki ce haƙori ne ko mura. A gwada fitsarinta a ranar, kafin a fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Likitanta zai iya ɗora ta a kan ɗan ƙaramin maganin kashe ƙwayoyin cuta kullum da dare, kamar trimethoprim ko nitrofurantoin. Binciken RIVUR da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna hakan yana rage dawowar ciwon da kusan rabi, amma bai nuna raguwar tabo ba. Don haka maganin ba zai ɗauke miki sa ido ba.

Akwai abin da iyaye ke rainawa, ni kuwa ina yawan nanata shi: taurin bayan gida. Hanji idan ya cika yana danne mafitsara ya hana ta juyewa gaba ɗaya, fitsarin da ya kwanta kuma nan cuta ke hayayyafa. Ki riƙa ba ta ruwa sosai, kuma in ta fara amfani da fo kada ta saba riƙe fitsari.

Ki tambayi likita game da hoton DMSA, wanda ke nuna ko akwai tabo. A riƙa auna mata hawan jini da furotin a fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kada ki ba ta ibuprofen sai da izininsa. Idan ciwon ya ci gaba da dawowa duk da magani, ana yin allura a bakin bututun ko tiyatar sake dasa shi, kuma tiyatar tana nasara ƙwarai. Matsalar tana bin jini, don haka in tana da yayye ko ƙanne masu yawan zazzaɓi, a duba fitsarinsu su ma.