Me ke fitar da mutum daga ƙasarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya gama karatun jinya, yana aiki a wani asibiti, bai rasa ci da sha ba. Amma wata shida ke nan ba shi da zance sai na fita waje, har yana so ya sayar da filin da ya gada. Mahaifiyarmu ta kasa barci. Ni na ɗauka talauci ne ke korar mutum daga gida, to shi me ke korarsa? Don Allah a yi mini bayanin abin da ke sa mutane su koma wata ƙasa da zama. Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya kwantar wa Hajiya da hankali.

Zatonki shi ne zaton yawancin mutane, kuma akwai gaskiya a cikinsa, sai dai ba ita ce duka ba. Talauci yana sa mutum tunanin tafiya, amma ba shi ke kai shi nesa ba. Matalaucin da ba shi da komai ba ya iya yin fasfo, balle biza da kuɗin jirgi. Iyakacinsa ya rufe rumbu bayan kaka ya nufi Kano ko Legas cin rani, ya yi ga-ruwa ko gadi ko dako, da ruwan fari ya koma gona. Wanda ke ƙetare teku galibi shi ne irin ƙanenki: mai ɗan ilimi, mai sana'ar da ake nema a wani wuri, mai filin da zai iya sayarwa. Ba yunwa ke damunsa ba, lissafi ne. Yana auna albashinsa da na abokin karatunsa da ke Ingila ko Saudiyya, sai ya ga aiki iri ɗaya, lada kuwa sama da ƙasa. Ki tuna kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 kuma ta haura 1,500. Wanda albashinsa yake da naira ya wayi gari guminsa ya zube daraja alhali bai rage aiki ba. Shi kuwa na waje, ɗan abin da ya aiko gida ya ninka.

Ga ma'aikacin jinya akwai ƙarin abin da ke cin rai wanda ba kuɗi ba ne. Ya iya aikinsa, amma babu kayan aiki, majinyata sun fi ƙarfin hannu, ya ga wanda za a iya ceto yana tafiya saboda rashin abin da bai taka kara ya karya ba. Na sha jin wannan daga bakinsu, kuma ina roƙon kada a raina shi. A can kuma ana nemansu ido rufe, domin ƙasashen Turai tsofaffinsu na ƙaruwa, masu kula da su na raguwa. Jan ya yi ƙarfi har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya da Nijar cikin jerin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 bai kamata a riƙa zuwa ana kwashe musu ma'aikatan lafiya ba. Amma hakan bai hana mutum ya nemi aikin da kansa ba.

Wannan kashi ɗaya ke nan, masu fita da zaɓinsu. Akwai waɗanda ba a tambaye su ba. Mutanen Borno da Boko Haram ta tarwatsa suka tsallaka Diffa ko sansanin Minawao a Kamaru, mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsinarku da 'yan bindiga suka kora zuwa jihar Maraɗi tun 2019, 'yan Sudan da suka cika garin Adre na Chadi bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, duk waɗannan 'yan gudun hijira ne, kuma dokar duniya ta bambanta su da mai neman aiki tun yarjejeniyar Geneva ta 1951. In kin ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Fari ma yana kora. Na 1973 da na 1984 sun tashi garuruwa a Sahel, tafkin Chadi kuma da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ya bar masunta da makiyaya suna neman inda za su sa kansu.

Amma bari in daɗe a kan dalilin da aka fi mantawa, wanda a ganina shi ne ya fi bayyana halin ƙanenki. Mutum ba ya tafiya inda ya fi ko'ina arziki, yana tafiya inda yake da mai masauki. Da ɗan gari kan ci gari. Tarihinmu cike yake da wannan. Fataken goro da suka riƙa bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, a ƙasar Gana ta yau, ba su je da niyyar zama ba. Wani ya tsaya ya zama mai gida, yana saukar da baƙi, yana yi musu dillanci, ya yi aure, ya gina masallaci, sai zango ya kafu. Zangon Kumasi da Sabon Zango na Akara irin wannan tushen ne, har yau ana Hausa a cikinsu. Ta gabas kuma aikin hajji ne ya buɗe hanya. Alhazan ƙafa sukan yi shekaru a tafe, suna tsayawa noma a Sudan don su tara guzuri, da yawa ba su ƙarasa komawa gida ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu a Sudan har yanzu sunansa Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, waɗannan mutanen da masu bin sawunsu suka zama ƙashin bayan aikin. Kin ga a tafiya ɗaya addini da gudun mulkin mallaka da neman abinci sun haɗu, ba ki iya ware su.

Abin da ya canja yau shi ne mai masaukin yana cikin waya. Abokin da ya riga shi tafiya shi ke gaya masa jarrabawar da zai zauna, shi zai tarbe shi, shi ke turo hoto a WhatsApp. Hoton kuwa ba ya nuna kuɗin haya, ba ya nuna sanyi da kaɗaici da aikin dare. Wanda ya sha wuya a waje ba kasafai yake faɗa ba, don kunyar a ce ya tafi ya dawo hannu rabbana. Haka labarin ke isowa gida rabi, rabin mai daɗi.

Wannan hanyar da ake gada ita ce kuma take kai mutane ga halaka idan ta lalace. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit a Nijar, yawancinsu mata da yara, akasari daga yankin Kantche na jihar Damagaram, motarsu ta lalace a kan hanyar Aljeriya ƙishirwa ta kashe su. Ba su kaɗai ne matalauta a Nijar ba. Abin da ya fitar da su shi ne maƙwabtansu sun je sun dawo da abin hannu, hanya ta zama sananniya. A 2015 Nijar ta kafa dokar hukunta masu safarar baƙin haure ta hanyar Agadas, tafiyar ba ta tsaya ba, sai direbobi suka koma ɓoyayyun hanyoyi masu nisa da rijiya. An soke dokar a Nuwamban 2023. Ni dai ban taɓa ganin shingen da ya tsayar da mutumin da ya riga ya yanke shawara ba, sai dai ya tsawwala masa kuɗi da haɗari.

Kada kuma surutun Turai ya rufe miki ido. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu a 2020, wato ƙasa da mutum 4 cikin 100. Mafi yawan 'yan Afirka ta Yamma da suka bar ƙasarsu ba su bar yankin ba, suna Abijan, suna Akara, suna Legas. Zaman baƙunci ma ba shi da tabbas. Gana ta kori baƙi a 1969 zamanin Firayim Minista Busia, Nijeriya ta yi irin nata a 1983 zamanin Shagari. Duk lokacin da tattalin arziki ya matse, baƙo ake fara duba.

Yanzu ga ƙanenki. Ba zan ce a hana shi ba, ba zan ce a tura shi ba. Kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna waje ke aikowa gida yana kai wajen dala biliyan 20 a shekara, gidaje da yawa da shi ake biyan kuɗin makaranta da magani. Asarar kuma gaskiya ce, asibitin da zai bari ba lallai ya sami madadinsa ba, Hajiya kuma za ta tsufa ɗanta yana nesa.

Ki zaunar da shi ba da faɗa ba, ki tambaye shi wace ƙasa, wane aiki, wa zai sauke shi. Idan Ingila ce, ma'aikacin jinya sai ya ci jarrabawar Turanci da ta sana'a, ya yi rajista da hukumar jinya ta can, kuma asibiti ya ba shi takardar ɗaukar aiki da sunansa. Idan Saudiyya ce ko wata ƙasar Larabawa, ya karanta kwantiragin da idonsa, ya san wane ne kafilinsa, wato uban gidan da zamansa a ƙasar ke hannunsa, da sharaɗin barin aiki in bai ji daɗi ba. Idan kuwa amsarsa ita ce wani dillali ya ce a kawo kuɗi zai shirya komai, ko a shiga da bizar ziyara ko ta Umara a laɓe, to a nan ki tsaya kai da fata. Filin kuma kada a taɓa shi sai takardar aikin ta zo hannu kun tabbatar da ita daga asibitin da ya aiko ta.