Shin kiɗan gitar na Azawak ya koma indi rok?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne mazaunin Tawa, kuma a fadarmu mun daɗe muna gardama a kan kiɗan gitar na ƴan'uwanmu Abzinawa. Wani abokina ya kalli wasannin da Mdou Moctar yake yi a ƙasashen waje ta YouTube, ya ce wannan ya daina zama kiɗanmu, ya koma hayaniyar Turawa, tunda har jaridunsu suna jera shi cikin masu indi rok. Ni kuma na ce abin da muke ji a gidajen biki ne, an dai ƙara masa lasifika. Wani na uku ya ce sunan kiɗan bulus na hamada. Mene ne indi rok, kuma wane ne yake da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ƙanena, gardamar taku ta haɗa abubuwa biyu waɗanda ya kamata a raba su kafin a yanke hukunci, wato sunan da aka laƙaba wa kiɗan, da kuma yadda kiɗan yake fita idan ana yin sa a gaban jama'a. Zan fara da sunan, domin a nan ne ruɗanin ya fi yawa.

Asalin indi rok magana ce ta kasuwa. A ƙarshen shekarun 1970, a Ingila da Amurka, an samu ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu waɗanda suka riƙa ɗaukar makaɗan da manyan kamfanoni ba su kula su ba. Rough Trade, wanda ya fara a matsayin shagon sayar da faifai a Landan a 1976 kuma ya koma kamfani a 1978, yana cikin fitattunsu, kuma a 1980 aka fara buga jadawalin cinikin faifan irin waɗannan kamfanoni a Ingila. A wancan lokaci, idan aka ce makaɗi ɗan indi ne, ana nufin wanda ya buga faifansa da wanda ya rarraba shi ba sa ƙarƙashin manyan ƴan kasuwa, kuma ba a nufin wani kari ko wata murya ta musamman. Daga baya ne mutane suka fara jingina sunan ga wani irin sauti na gitar da ganguna, har aka wayi gari ana kiran ƙungiyar da take hannun babban kamfani da wannan suna saboda kiɗanta ya yi kama da na waɗancan. Su kansu masoya kiɗan a can ba su taɓa daidaitawa a kan ma'anarsa ba. Lokacin da ƙungiyar Nirvana ta bar ƙaramin kamfanin Sub Pop ta fitar da faifanta na 1991 a ƙarƙashin babban kamfani, wasu tsofaffin masoyanta sun zarge ta da sayar da kanta, kusan irin zargin da abokinka yake yi yanzu.

Dalilin da ya sa Mdou Moctar ya faɗa cikin wannan jeri a bayyane yake. Faifansa na 2021, Afrique Victime, da na 2024, Funeral for Justice, sun fito ne daga kamfanin Matador, wanda aka kafa a Niyok a 1989 kuma aka san shi da ƙungiyoyin indi rok irin su Pavement da Yo La Tengo. Kamfani shi yake kai faifai ga jaridu, da gidajen rediyo, da masu shirya wasanni da ya saba hulɗa da su, saboda haka duk wanda ya shiga ta ƙofarsa zai fita da tambarinsa. Haka ya faru da Tal National ta Yamai, wadda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar wa faifan Kaani a 2013, alhali babu wani a Yamai da zai ji kiɗanta, mai haɗa karin Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa, ya ce na Turawa ne.

Sunan da abokinku na uku ya kawo shi ma daga waje ya zo. A 1987 wasu masu kamfanonin faifai suka yi taro a Landan suka amince da a riƙa tara kiɗan Afirka da Asiya da sauransu a ƙarƙashin sunan kiɗan duniya, domin masu shaguna su san kantar da za su ajiye shi. Bulus na hamada ya yi ƙarfi bayan da Turawa suka ji Ali Farka Touré na Mali, sannan Tinariwen, ƙungiyar Abzinawan Mali, suka ga kamarsu da bulus na baƙaƙen fatar Amurka. Kamar tana nan, musamman a yadda ake gina waƙa a kan muryoyi biyar da yadda ake maimaita zango ɗaya na tsawon lokaci, amma sunan yana sa mai sauraro ya zaci kiɗan reshe ne na wani abu na Amurka, alhali yana da nasa tushen a tende, wato kiɗan gangar turmi na matan Abzinawa, da takamba, wani kiɗan rawa na gargajiya, da waƙoƙin matasan Abzinawa da fari da gudun hijira suka kai Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. Masu abin suna ce masa asuf, ko kuma gitar kawai. Ko masu ba da kyautar Grammy, waɗanda suka karrama Tinariwen a 2012 kuma suka sa Bombino na Agadas cikin ƴan takara saboda faifansa Deran na 2018, sun canza sunan rukunin kiɗan duniya a 2020 domin sun ga tsohon sunan yana ɗauke da raini.

Yanzu sai batun wasan kansa, kuma a nan ina ganin kowannenku ya riƙe wani ɓangare na gaskiya.

Kai kana da gaskiya a kan ƙarfin sautin. Duk wanda ya tsaya a bikin aure a Abalak, ko Cintabaraden, ko Agadas, ya san cewa kiɗan gitar na biki ba shi da sanyi ko kaɗan. Ana yin sa a fili, da injin wuta yana kuka a gefe, da ƙaramar na'urar ƙara sauti da aka murɗa har ƙarshe domin na nesa su ji, kuma idan aka matsa wa irin wannan na'ura fiye da ƙarfinta, sautin yakan fashe ya yi kaushi. Wannan kaushin shi ne Turawa suke samarwa da gangan ta hanyar wasu ƙananan na'urori da makaɗi yake takawa da ƙafa. Saurin ma daga gida yake: mai ganga yakan fara a hankali, sannan ya riƙa ƙara gudu yayin da masu rawa suke zafafa, har waƙar ta ƙare da saurin da ya zarce wanda ta fara da shi. Mdou Moctar, wanda ɗan jihar Tawa ne kuma ya koyi kiɗa da gitar da ya haɗa da hannunsa da wayoyin birkin keke, ya yi shekaru yana wannan aiki a gidajen biki kafin wani Bature ya san sunansa. Saboda haka mai cewa ƙara da sauri baƙi ne a kiɗan, wataƙila ya saba ne da asuf na dare, wanda ake yi da gitar marar lantarki a gefen shayi, ya ɗauka shi kaɗai ne asalin.

Abokinka kuma ya hango wani abu na gaske, ko da bai kira shi da sunan da ya dace ba. A gidan biki, masu rawa ne suke mulkin waƙa. Su suke shiga fili bibbiyu ko rukuni-rukuni, mata suna tafi da guɗa, ana liƙi, kuma makaɗi yana kallonsu domin ya san lokacin da zai tsawaita zango da lokacin da zai yanke. Jama'a suna jin Tamajek, suna amsa amshi, kuma sun san abin da waƙar take faɗa game da soyayya ko ƙasa ko zalunci. A zauren wasa na Turai ko Amurka an juya wannan tsari. Mutane sun sayi tikiti, suna tsaye suna fuskantar dandamali, an ƙayyade wa ƙungiya lokaci, galibi awa ɗaya ko da rabi, akwai injiniya da yake daidaita sauti, kuma mafi yawan masu kallo ba sa jin kalma ko ɗaya daga cikin waƙar. Idan kalmomi ba su isa ga mutane ba, sai yatsu su ɗauki nauyin, shi ya sa zangon da gitar take magana ita kaɗai yake tsawo kuma yake zama abin da ake jira. Wannan canji ne na haƙiƙa, kuma ni ina ganin akwai asara a cikinsa, domin waƙar da take kuka a kan yadda ake wawure arzikin Afirka tana iya zama wa mai kallo abin burgewa na gwanintar hannu kawai. Mdou Moctar da kansa bai ɓoye cewa ya saurari Eddie Van Halen, shahararren makaɗin gitar rok na Amurka, ba, kuma mai kaɗa masa bas, Mikey Coltun, Ba'amurke ne, don haka ba za a ce babu tasirin waje ba.

Sai dai tasirin waje ba yau ya fara ba, kuma ba daga Turawa kaɗai yake zuwa ba. Faifan Mdou Moctar na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin ajiya har suka kai kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya sa ɗaya daga cikinsu a wani kundi na 2011. Da abokinka ya ji wannan faifai a lokacin, mai yiwuwa ya ce makaɗin ya koma ɗan Kano. Gitar ɗin ita ma baƙuwa ce da aka karɓa aka koya mata harshen gida, kuma Les Filles de Illighadad, matan wani ƙauye da ke yankin Abalak, sun nuna yadda ake ɗora ta kai tsaye a kan karin tende ba tare da tende ta rasa kamanninta ba.

Akwai kuma wani abin lura game da hujjar da aka kafa da ita. Gajerun bidiyon da suke yawo a waya yawanci ana yanko su ne daga wurin da wasa ya fi zafi, kuma ƙaramin makirfon waya ba ya iya ɗaukar sauti mai ƙarfi ba tare da ya dagula shi ba. Wanda ya kalli minti biyu daga ƙarshen waƙa bai ji yadda aka gina ta daga farko ba.

Abin da nake ba ku shawara shi ne ku ajiye sunayen ku saurari abin da kunne zai iya tantancewa. Ku bi gangar ku ji ko tana tafiya da tsalle irin na takamba, wanda ake ƙirga shi uku-uku, ko kuwa ta miƙe huɗu-huɗu kamar yawancin rok. Ku lura ko gitar ta biyu tana zaune a kan murya ɗaya tana juya ta, kamar yadda ake yi a gida, ko tana sauye-sauye kamar ta Turawa. Ku duba ko akwai mai bayarwa da masu amshi, da kuma harshen da ake waƙar da shi. A nawa sauraron, ko a wasannin Mdou Moctar mafiya ƙara, waɗannan ginshiƙai suna nan yadda suke, kuma abin da ya ƙaru shi ne tsawon zangon gitar da nauyin bas. Kuna da hanya mai sauƙi ta gwada wannan magana. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, lokacin da aka rufe iyakoki ƙungiyarsa tana Amurka ba ta iya dawowa gida ba, ta sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice cikin sanyi, galibi da gitar marar lantarki, kuma aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Ku zaɓi waƙa ɗaya ku saka ta daga Funeral for Justice, sannan ku saka ta daga Tears of Injustice a zama ɗaya a fadarku, kuma ku nemi wani mai jin Tamajek ya zauna tare da ku ya fassara muku baitocin.